Wane ne ya ci gaba da ciyar da shanu a Hinterkaifeck bayan an kashe masu gidan?

Habibu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani kisan gilla da aka yi a ƙasar Jamus fiye da shekara ɗari da suka wuce, wanda tun ranar da na fara karanta labarinsa ya tsaya mini a rai, kuma ina so masu nazari a cikinmu su taya ni duba shi da idon basira.

Hinterkaifeck wani gidan gona ne da ke zaune shi kaɗai a bakin daji, a jihar Bavariya, kimanin kilomita 70 arewa da birnin Munik. A daren Juma'a 31 ga Maris 1922 aka kashe duk mutum shida da ke cikinsa: maigidan, Andreas Gruber mai shekara 63, da matarsa Cäzilia mai shekara 72, da 'yarsu Viktoria mai shekara 35 wadda mijinta ya mutu a yaƙi, da 'ya'yanta biyu, yarinya 'yar shekara 7 da yaro ɗan shekara 2, sai kuma 'yar aiki, Maria Baumgartner mai shekara 44, wadda a yammacin ranar ta fara aiki a gidan. An sami gawa huɗu a ɗakin ajiyar ciyawa, an ɗora su a kan juna an rufe da ciyawa. 'Yar aikin a ɗakinta aka same ta, yaron kuma a ɗan gadonsa cikin ɗakin mahaifiyarsa. An yi amfani da wata irin diga mai faɗin baki da manoma ke saran saiwa da ita, kuma ba a gan ta ba sai a 1923, lokacin da ake rushe gidan, aka tarar an ɓoye ta a saman rufi.

Kafin wannan dare an ga alamu. Maigidan ya faɗa wa maƙwabta cewa ya ga sawun ƙafa a kan dusar ƙanƙara, ya taso daga daji ya nufi ɗakin injinsa wanda aka ɓalle wa kwaɗo, amma bai ga sawun komawa ba. Ya tsinci wata jaridar Munik a kusa da gida alhali babu mai sayenta a yankin, makullin gida ya ɓata, kuma da dare an ji motsi kamar takun mutum a saman rufi. Ya hau ya duba bai ga kowa ba, bai kuma kai rahoto ga 'yan sanda ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ya biyo baya. Ba a gano gawarwakin ba sai ranar Talata 4 ga Afrilu. A tsakanin kwanakin nan an ga hayaƙi yana tashi daga gidan, an ci burodin da ke ɗakin girki, an yanki nama daga wurin ajiya, kuma alamu sun nuna an ba dabbobi abinci. Ranar Asabar masu tallan kofi sun zo sun ƙwanƙwasa ba a amsa ba, suka tafi. Yarinyar ba ta je makaranta ba, iyalin ba su je coci ranar Lahadi ba, mai raba wasiƙu ya lura ranar Litinin cewa ba a ɗauki saƙon Asabar ba. Ranar Talatar ma wani makanike ya shafe fiye da awa huɗu yana gyaran inji a harabar gidan, bai ga kowa ba. Da 'yan sanda suka bincika gidan sun sami kuɗi masu yawa ba a taɓa ba.

An yi wa mutum fiye da ɗari tambayoyi, an sa ladan mak (kuɗin Jamus na lokacin) 100,000, an rufe fayil a 1955, amma har yau kotu ba ta kama kowa da laifin ba. Tambayata ita ce: wane irin mutum ne zai kashe rai shida, sannan ya zauna ko ya riƙa dawowa yana ciyar da shanunsu? Baƙo ne ya ɓuya a saman rufi, ko kuwa na gida ne?

Malam Garba:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Na shafe shekaru ina kiwon shanu, don haka a kan batun dabbobin zan tsaya, domin a ganina nan ne bakin zaren yake.

Mutane da yawa in sun ji an ciyar da shanun sai su ce mai kisan yana da wani ɓurɓushin tausayi a zuciyarsa. Ni ban ga tausayi a nan ba. Saniyar da aka saba ba ta abinci safe da yamma, in lokacinta ya wuce sau ɗaya za ta fara kuka, in ya wuce sau biyu sauran za su taya ta, in kuma mai shayarwa ce aka bar ta ba tatsa hantsarta ta cika ta yi tauri, to kukanta ba ya tsayawa, kuma da dare in gari ya yi tsit yana kai wa nesa ƙwarai. Na taɓa kwanciya rashin lafiya yaron da ke taimaka mini bai zo ba, kafin azahar mutum biyu sun zo tambayar ko lafiya, ba don an aika musu ba, kukan garken ne ya kira su. Ƙauyen Gröbern bai fi kilomita ɗaya daga gidan nan ba. Duk wanda ya zuba wa shanun ciyawa ya san cewa in ya bar su da yunwa, su ne za su fara tona masa asiri. Wannan lissafin wanda ya san kiwo ne, kuma mutum ne da yake buƙatar kwanaki kafin a gano abin da ya faru.

To, me zai yi da kwanakin? Ɓarawon da ya zo daga nesa buƙatarsa ita ce ya yi nisa kafin gari ya waye, kuma in har ya zauna kwana uku a gida ba mai hana shi, ba zai tafi ya bar kuɗi ba, musamman a 1922 da darajar mak take zubewa kowa yana neman abin da zai riƙe. Wanda yake zaune a yankin kuwa ba shi da inda zai gudu, gudun ma shi zai nuna shi. Abin da zai amfane shi shi ne lokaci ya ja, sawu ya goge, mutane su kasa tuna wanda suka gani a daren Juma'a.

Sai kuma batun kare. Makaniken ya ce ya gan shi a ɗaure a waje kusa da ƙofa, waɗanda suka gano gawarwakin bayan 'yan sa'o'i kuma a ɗakin dabbobi suka same shi. In duka maganganun biyu daidai ne, ke nan akwai wanda ya kama karen ya sauya masa wuri a ranar Talatar, da rana tsaka. Karen gidan gona ba ya yarda baƙo ya sa masa igiya cikin sauƙi. Haka ita ma digar, ta gidan ce, an kuma ɓoye ta a wurin da 'yan sanda suka duba gidan ba su gan ta ba har shekara guda. Da ɗan gari akan ci gari, Malam. Ni dai na fi karkata ga cewa wanda ya yi wannan aiki ya san gidan ciki da bai, kuma ba lallai ne ya kwana a can ba, yana iya zuwa safe da dare ya koma gidansa.

Barista Amina:

Malam Garba, Allah ya ƙara basira, bayaninka a kan shanun ya gamsar da ni. Sai dai ina so mu yi hattara da inda wannan hanya take kai mu, domin duk wanda ya karanta labarin nan ya san cewa da zarar an ce “na gida ne”, mutum ɗaya ake nufi, wato maƙwabcin da ya jagoranci waɗanda suka shiga gidan ranar Talata. Da gangan ba zan ambaci sunansa ba.

Abin da ake riƙe shi da shi ba ƙarami ba ne. Ya yi hulɗa da Viktoria bayan rasuwar matarsa, ya so aurenta abin bai yiwu ba, kuma da aka haifi yaron a 1919 ya amsa cewa ɗansa ne, daga baya ya janye ya kai ƙarar maigidan, wato mahaifin Viktoria, cewa maigidan ne uban yaron, sannan ya sake komawa kan maganarsa ta farko. Ranar da aka gano gawarwakin, abokan tafiyarsa biyu sun firgita sun fita, shi kuwa ya motsa gawarwakin, ya bi ta ciki ya shiga gidan shi kaɗai, ya buɗe musu ƙofa da makulli. Da aka tambaye shi ya ce ɗansa yake nema. Duk mai hankali in ya ji wannan zai ce biri ya yi kama da mutum.

Amma ku duba kowace hujja da kyau, za ku ga tana da fuska biyu. Uban da yake tsoron an kashe ɗansa zai iya ture gawa yana neman yaro, kamar yadda mai laifin da yake son ya bar uzurin sawunsa a wurin zai iya yi. Makullin yana iya zama wanda ya ɓata, yana kuma iya zama a jikin ƙofar yake daga ciki. Da an tsare wurin tun farko, da an iya rarrabewa, amma kafin Sufeto Georg Reingruber da mutanensa su iso daga Munik, 'yan kallo sun cika gidan, sun tattake ƙasa, sun taɓa kaya, har an ce wasu sun ci abinci a ɗakin girkin. Hotuna biyar kacal aka ɗauka. Likitan kotu ya yi binciken gawa a nan gidan gonar, aka cire kawunan aka tafi da su, har aka kai su gaban masu duba, daga ƙarshe suka ɓata a lokacin yaƙin duniya na biyu. Takardun shari'ar da yawa ma sun ƙone da aka yi wa birnin Augsburg ruwan bama-bamai a 1944. Makaniken da ya yini a harabar gidan kuwa, sai bayan shekaru aka ɗauki cikakken bayaninsa, kuma maganar kare da Malam Garba ya jingina da ita daga wannan bayani na baya ta fito.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Labarin sawun ƙafa, da jarida, da makulli, da motsin saman rufi, duk daga bakin mutane aka ji su bayan kisan, domin maigidan da aka ce shi ya ba da labarin ya riga ya mutu. Mutum in ya san ƙarshen labari, yakan tuna farkonsa ta yadda zai dace da ƙarshen, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Na ga wannan a kotu sau da yawa.

Shi maƙwabcin ya rayu har 1941 ana nuna shi da yatsa, ya kai waɗanda suka kira shi mai kisa ƙarar ɓata suna ya kuma yi nasara. A 2007 ɗaliban makarantar horar da 'yan sanda ta Fürstenfeldbruck sun sake duba fayil ɗin da dabarun zamani, suka ce ba za a iya tabbatar da komai ba bayan wannan tsawon lokaci, kuma ko da yake ra'ayinsu ya haɗu a kan mutum ɗaya, sun ƙi bayyana sunansa saboda zuriyarsa da ke raye. Ina ganin sun yi daidai, kuma ya kamata mu ma mu tsaya inda suka tsaya.

Bashir:

Ranki ya daɗe Barista, ina da ƙaramar tambaya. Me ya sa ba a ɗaukar maganar mijin Viktoria da muhimmanci? An ce ya mutu a fagen daga kusa da Arras a Faransa a Disamban 1914, amma ba a kawo gawarsa gida ba. In da a ce bai mutu ba, ya dawo bayan shekara bakwai ya tarar matarsa ta haifi ɗan da ba nasa ba, yana da dalilin fushi, ya san gidan, ya san shanun, kuma shi ne zai fi kowa buƙatar ɓuya a saman rufi tunda ana ɗaukarsa matacce. Bayan yaƙin duniya na biyu ma wasu fursunonin yaƙi da suka dawo daga Rasha sun ce sun haɗu da wani jami'in sojan Sobiyet mai jin Jamusancin Bavariya da ya ce shi ne mai kisan.

Barista Amina:

Malam Bashir, an bi wannan zance. Abokan yaƙinsa sun shaida cewa sun ga gawarsa, labarin fursunonin kuma ji-ta-ji-ta ce da ba ta tsaya a magana ɗaya ba. Ka kuma tuna zaman auren nasu bai cika shekara ba aka tafi da shi yaƙi, karen da shanun da ke gidan a 1922 ba lallai su san shi ba. Ba zan ce abin ba zai yiwu ba, amma sai an tayar da matacce kafin a fara gina hujja, alhali akwai rayayyu da dama da ba a gama bincikensu ba.

Habibu:

Na gode muku duka. Barista, na karɓi gargaɗinki, amma akwai abu ɗaya da bai fito daga bakin maƙwabta ba: 'yan sanda da kansu sun ga wuraren da ciyawa ta lotsa a sama kamar an kwanta, da tayil ɗin rufi da aka zame ta yadda mutum zai iya leƙen tsakar gida. Sannan an gwada an ga cewa ihun mutum daga ɗakin ciyawa ba ya kai wa ɗakunan kwana. Wannan ne ya sa nake ganin mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya suka tafi, wata ta fita ta daɗe, wata ta bi ta dubo ta, har aka kai ga yarinyar. Ban sani ba ko Malam Garba zai yarda cewa duka biyun za su iya haɗuwa, wato na gida ne, kuma ya yi kwanto a sama kafin daren.

Hajiya Rabi:

Sallama ga kowa. Na bi muhawarar nan tun daga farko, kuma kun yi ta neman wanda ya shiga gidan, ni kuwa tunanina yana kan dalilin da ya sa ba wanda ya shiga har kwana huɗu.

Ana ta cewa gidan yana keɓe a bakin daji, amma Malam Garba ya riga ya nuna mana cewa ƙauye yana kusa. Ku lissafa waɗanda suka lura akwai matsala: masu tallan kofi, da malaman makaranta, da mutanen coci inda Viktoria take cikin mawaƙa kuma muryarta sananniya ce, da mai raba wasiƙu, da makanike, da wani mai wucewa da ya ga hayaƙi cikin dare har aka haske masa fuska da fitila ya yi gaba. Kowannensu ya ga wani abu, kowannensu ya wuce. Ba na zargin su da mugunta. An san iyalin da rashin shiga mutane, an san maigidan da zafin rai da riƙon kuɗi, kuma tun 1915 kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya saboda lalata da 'yar cikinsa, ita ma Viktoria aka ɗaure ta wata ɗaya, alhali tun tana yarinya abin ya fara. Wannan hukunci na biyu yana ci mini rai har yanzu, domin wadda ya kamata a cece ta ita aka haɗa da wanda ya cuce ta, aka kuma mayar da su gida ɗaya bayan an sake su. Gidan da kowa ya san yana da irin wannan abin kunya, mutane sukan koyi kawar da kai daga gare shi, ko da sun ji ihu sai su ce nasu ne na cikin gida.

Shi ma maigidan, ina ganin wannan ne ya hana shi kai rahoto. Mutumin da ya taɓa shiga kurkuku a kan abin da yake yi a ɗakinsa ba zai so 'yan sanda su zo suna leƙa ɗakunan ba. Saboda haka sawun da ya gani, in har ya gani, ya tsaya a hira da maƙwabta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma duk wanda ya shirya wannan aiki ya san cewa gidan nan ba mai saurin kai masa ɗauki. Wata ƙawar yarinyar a makaranta ta ce ta faɗa mata cewa a daren da ya gabaci kisan an yi rikici a gida, mahaifiyarta ta fita da gudu, sai bayan sa'o'i aka same ta a daji. In haka ne, to, Malam Habibu, ina ganin Viktoria ce ta fara zuwa ɗakin ciyawar, kuma wanda ta sani ta je gani. Tsofaffin sun bi sawunta ne, yarinyar kuma ta bi mahaifiyarta. Likita ya ce yarinyar ta yi sa'o'i da rai bayan an sare ta, tana kwance kusa da su. Ban iya wuce wannan wuri ba tare da na dakata ba.

Mutum biyun da ke cikin gida su ne suka fi nuna mini ko wane ne. Yaro ɗan shekara 2 ba zai ba da shaida a kan kowa ba, ɓarawo ba shi da abin yi da shi, don haka wanda ya bi shi har gadonsa yana da wani abu a ransa game da yaron kansa. Ita kuwa 'yar aikin ba ta san kowa ba a yankin, ba ta da hannu a rigimar kowa. 'Yar'uwarta ce ta rako ta da yamma, ta ɗan zauna ta yi musu sallama ta koma, kuma da aka buɗe ɗakin ranar Talata an tarar ko kayanta ba ta gama kwancewa ba. Zuwanta abu ne da aka shirya, amma ba kowa ne ya san ranar ba. Malam Garba, kai da kake ganin na kusa ne, ina so ka duba mana wannan: in mutumin ya yi kwanto a saman rufi kamar yadda Malam Habibu yake zato, ya ga shigowarta da idonsa kuma bai fasa ba. In kuma daga waje ya zo wurin Viktoria, to bai san da ita ba sai da ya buɗe ƙofar ɗakin da yake tsammanin babu kowa a ciki tun wata shida da tafiyar 'yar aikin da ta gabace ta.